'Yar Dillalin Tumatir da Zaɓin Fanni

Tunda ka zo tambayata fannin da za ka ɗauka a wannan digiri na biyu na kasuwanci, kuma na ga surutun mutane ya fara girgiza ka, zauna in ba ka misali.

An yi wata ɗaliba a makarantar nan, 'yar wani dillalin tumatir. Ta tashi tana ganin kwandunan mahaifinta jibge a bakin titi ana jiran mota, rana na dukansu har ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙasa, ƙudaje su yi biki. Da lokacin zaɓen fanni ya yi, 'yan ajinsu suka yi ca a kan harkar kuɗi da banki, wasu suka nufi talla, wasu kula da ma'aikata. Ita kuwa ta ɗauki jigilar kaya da adana su, fannin da ɗalibansa ba su cika benci guda ba. Shugaban sashe ya kira ta ofis, ya ce da irin makinta bankuna za su yi rububinta, kada ta zubar da ƙwaƙwalwarta a tashar mota. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kujera mai juyawa ta kawo ni ba. Tumatir ne ke ruɓewa a garinmu." Daga ranar ƙawayenta suka laƙaba mata 'yar dako. Ta riƙa amsa sunan da fara'a, ta yi bincikenta a tsakanin direbobi da 'yan lodi, takalminta kullum cikin caɓi.

Kada ka zaci daga gamawa sai daɗi. Da ta shiga sana'ar jigilar tumatir, motar farko mai na'urar sanyaya kaya da ta ɗauko haya ta lalace a hanyar Legas, kayan manoma suka zama miya a cikinta. Yayanta ya zo har gida ya ce ta yi wa kanta faɗa, ƙofar banki ba ta rufe ba tukuna. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta bi manoman gida-gida ta ba su haƙuri, ta ƙi ajiye sana'ar. Ta sauya kwanduna da akwatunan roba, ta tsara ranakun tsinka yadda mota ba ta jiran kaya, kaya ba sa jiran mota. Yau ƙauyukan yankinsu ta hannunta tumatirinsu ke isa Kudu da kyansa. 'Yan ajinta na bankuna suna nan cikin rufin asiri, ba ta yi musu hassada, ba ta kuma taɓa cizon yatsa ba.

Saboda haka ka duba abin da ya dame ka har ya kawo ka makaranta, ka bi shi, masu magana su yi ta yi. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.