Ruwan Lambu na Sha Biyu

Albasar Baba Arziki ta fara kwanciya tun sanyi bai wuce ba. Lambunsa mai lamba 12 ya bushe ƙamas a bakin tabkin Madarumfa, alhali na Inusa mai lamba 21 kullum jagab yake da ruwa.

Ƙungiyar masu lambun tana da famfo mai aiki da hasken rana, kuma ba mutum ke rabon ruwan ba. Manhaja ce ke buɗe wa kowa bututunsa bi da bi. Firdausi, ɗiyar limamin unguwa da ta yi karatu a Maradi, ita ta rubuta ta.

Ta duba rubutun manhajar har idonta ya yi ja. Layin farko ƙarara yake cewa a ba lambu na 12 ruwa. Amma da rana ta fito, sai ruwan ya nufi wajen Inusa.

Mutane ba su sha wuyar neman mai laifi ba. An san Inusa da Baba Arziki sun taɓa cacar baki kan iyaka. Kuma ranar da Firdausi ta dawo, Inusa ne ya ɗauko mata ordinatarta, wato kwamfutarta, daga tasha, har ordinatar ta ɗan zauna a ɗakinsa. Firdausi da bakinta ta tuna wa mutane haka. Aka sa taro bayan la'asar a gindin mangwaro. In ta tabbata, za a karɓe lambun da Inusa ke ci da gidansa da shi.

"Ni da ko kati ban iya sa wa waya ba!" in ji Inusa. "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah."

"Ɓarawo bai taɓa cewa ya iya ba," in ji Baba Arziki.

Dama wata ƙawar Firdausi ta aiko mata da wata 'yar manhajar bincike mai tafiyar da kanta, wadda ke farautar haruffan da ba a gani, masu juya alƙiblar rubutu, ido ya karanta wani abu, na'ura ta karanta wani. Ta juya ordinatar wajen shugaban ƙungiya, ta danna.

Layin farko ya yi ja. Ashe 21 ke rubuce a ciki, wani ɓoyayyen harafi ne ya birkita shi ido ke ganin 12.

Taro ya kaure da hayaniya. Inusa ya cire hula, ya zauna a ƙasa.

"To, wa ya sa shi?" in ji shugaba.

Firdausi ta bi jar alamar da yatsa har farkon layin, sai yatsan ya tsaya. Harafin yana maƙale a ƙarshen Bismillar da ita da kanta ta kwafo da Larabci daga wani saƙon waya, ta liƙa a wurin don aiki ya yi albarka, sannan ta yi ta gyara lambar da hannunta har sai da idonta ya ga 12.