Kwanon Dankalin Khalida

A lambun dabinon mahaifinta da ke Ƙuba, a Madina, Dakta Sabiru ya iske Khalida, yayanta Habu na can gefe yana hura gawayi. Tana zaune bisa darduma tana yayyanka dafaffen dankali da zafinsa, za ta haɗa salak irin na Turkawa da maƙwabciyarsu ta koya mata. Yau ne manya za su tsayar da ranar aurenta da Sabiru.

"Dakta, miƙo min lemon tsami," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Bai miƙa ba. "Khalida, asibiti sun ƙi sabunta min kwantiragi. Ƙarshen wata zan koma Kano gaba ɗaya."

Wuƙar ta tsaya cak a hannunta.

"Ke 'yar ƙasar nan ce, nan aka binne cibiyarki. Ba zan raba ki da Madina ba. Na zo ne in janye."

Ta daɗe tana kallonsa har ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki lemon da kanta ta matse, ta tsiyaya man zaitun, ta watsa lawashi. Ta barbaɗa jan garin sumak mai tsami har ya yi yawa.

"Ka janye," ta maimaita. "Kai kaɗai ka yanke, ya'ani?"



Ta tura masa kwanon. "Ana samun sumak a Kano?"

"Ban… ban taɓa gani ba."

Ta waiwaya ta ɗaga murya. "Yaya Habu! Gobe ka sayo min sumak kilo biyar, da shi zan tafi Kano."