Ruwan da Kaka Ya Tsallake

"Juya hagu!" Kaka ya daka wa ɗansa mai tuƙi tsawa. "Ni da na tsallake ruwan nan da ƙafata, waya ce za ta nuna mini hanya?"

Tun hantsi da suka fito da jikoki don ganin ruwan yake ɓatar da su cikin birni da gangan, sai mutsu-mutsu yake a kujera. Ruwan da ya daɗe yana cika wa jikoki baki da shi ɗan tsiyaye ne daga dutse, ko gwiwa bai kai ba.

Ɗan ya gaji, ya bi wayarsa. Suka tarar damina ta cika ruwan maƙil, yana ruri kamar aradu. Kaka ya buɗe ƙirji.

"To, kun gani ko?"

Jikarsa ta ja hannunsa. "Kaka, cire takalmi. Na kunna bidiyo."