Ƙwayoyin Maigida

Da aka shigo da maigidan Hajiya ɗakin gaggawa, bakinsa ya riga ya karkace, hannun dama ya saki. Likita ta kalli na'urar awon jini, ta sake kallo.

"Mama, Baba yana shan maganin hawan jininsa kuwa?"

Ran matar ya ɓaci. Ita da take karɓo masa da hannunta? Ta zaro kwalbar daga jaka, ta girgiza. "Duba, 'yata, wayam! Ko wata ba ta kaiwa."

Kafin azahar baranda ta cika da maƙwabta, kowa garau.

"Mutumin kirki ne," in ji tela. "Ko ciwon kai ka ambata, sai ya damƙa maka ƙwaya biyu."

"Ni ma su nake sha," mai shago ya karɓe. "Jiri ya bar ni."

Matar ta dubi mai shago. "Shi fa?"

"Shi? Ai cewa yake lafiyarsa lau, alhaki ne mai lafiya ya shanye maganin mabuƙata."

Tela ya matso, ya leƙa jakarta, ya rage murya.

"Hajiya, ba a samu saura ba?"