Launin Wutar da Ladidi Ta Gani

Tun da jami'a ta kawo kujeru masu gane inda hankalin ɗalibi yake, in tunanin mutum ɗaya ya bar darasi, lantarki kan fizgi duk 'yan layinsa.

Ranar Talata, a ajin kimiyya na 'yan shekarar farko, Malam Bara'u ya barbaɗa gishiri a harshen wuta, ta koma ruwan ɗorawa. Ladidi ta tsaya mamakin dalili, alhali malam ya wuce gaba. Nan take kujerun suka fizge ta da 'yan layinta. Tasi'u da ke gefenta ya ciji harshensa, jini ya ɓata masa riga.

Da aka tashi, 'yan layin suka tare Ladidi a bayan ɗakin gwaji. Ƙawarta Mansura ce ta fara kifa mata mari.

"Uban me kike tunani?"

"Launin wutar ne. Me ya sa ta..."

Tasi'u ya hamɓare ta, bakinta ya daki bango. "Wa ya aike ki? Ki bi malam kawai!"

Washegari malam ya barbaɗa wani gari, wutar ta koma koriya shar. Ladidi ta zuba mata ido da kumburarren baki, ba ta tambayi kanta komai ba.

Malam ya yaba wa layinsu.