Wayar Filogi ta Uku

"Kai bakanike ne ko mai facin keke?" mai motar ya daka wa Kaluba tsawa. "Tun safe kake shafa injin kamar mai taya akuya!"

Kaluba bai ɗago ba. Tsohuwar motar sai tari take tana fizga. Ya duba kafireta, lafiya lau. Ya shiga zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire ta uku, ƙarar injin ba ta sauya ba, wato nan cutar take. Ya juya wayar a hannunsa, ya ƙura wa wani ɗauri da ke jikinta ido.

"Ka gano, ko in kai ta wurin masu hankali?"

"Na gano, maigida. Ɗan zauna."

Kaluba ya je ya datse ƙofar garejin da kwado. Sauran kanikawa suka ajiye aiki, suka matso.

"Meye haka, ɗan iska?" in ji mai motar.

"Ni na yi wa wayar nan wannan ɗaurin, ranar da ƙanena Musonda ya fita haya da motar nan cikin Kitwe. Har yau bai dawo ba." Kaluba ya ɗauki babbar sifana. "Ka sauya fenti, ka sauya lamba. Ina ka kai shi?"