Kwalekwale a Tsandauri

Ka ce ba ka ga amfanin kowane lardi ya riƙe dokarsa ba, gara a yi wa ƙasa duka ɗinki ɗaya. To, gyara zama ka ji.

A wata ƙasa mai larduna tara, akwai biyu da ke maƙwabtaka, Lardin Tudu da Lardin Kwari. Iyakar da ta raba su karkatacciya ce kamar sawun maciji, an bi ta da dashen giginya tun zamanin da ba mai iya tunawa. Kowane lardi da gwamnansa da majalisarsa, amma Kwari na da wata doka da sauran ke yi masa dariya a kanta: dole kowane gida ya ajiye kwalekwale, a shafe shi da mai duk shekara, ko da garin tafiyar yini biyu ne daga bakin kogi. Da gwamnatin tsakiya ta tashi gyaran larduna, sai ta turo wani mai awon ƙasa ya miƙe iyakar. Mutum ne mai ilimi, mai riƙon amana, sai dai shi duk abin da bai miƙe ba kuskure ne a wurinsa. Ya bi giginyun nan da sarƙar awonsa mako biyu cur, ya ƙirga lanƙwasa arba'in da ɗaya, kowacce sai da ya yi mata tsaki. Sannan ya shimfiɗa taswira ya ja layi ɗaya ɗoɗar. Garuruwa shida suka fita daga Kwari suka koma Tudu, dokar kwalekwale ta sauka daga kansu. Murna wajen mutanen ba a magana. Wasu suka faskara nasu suka hura wuta, wasu suka mai da shi komin jakuna. Dagaci ɗaya ne kawai, wani tsoho da idonsa ya fara dushewa, ya hana mutanensa taɓa nasu. Mai awon ya same shi a zaure ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ruwa a tsandaurin nan. Tsohon ya ce, "Ban taɓa gani ba, ranka ya daɗe, mahaifina ma bai gani ba. Amma wanda ya dasa giginyun nan ba mahaukaci ba ne." Mai awon ya yi dariyarsa ya fita. Don kowa ya san ya yarda da aikinsa, ya nemi fili a ɗaya daga garuruwan, ya gina gida, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa mata uku.

Shekara goma sha ɗaya ba abin da ya faru, har lambar yabo aka ba shi. A ta goma sha biyu, cikin marka, aka kwana tara ana sheƙa ruwa a duwatsun da kogin ya taso. Wata Laraba da hantsi ruwa ya shigo garin shiru-shiru, kamar baƙon da ya san hanya. Kafin azahar ya kai ƙugu. Mai awon ya hau soro da iyalinsa, yana jin ginin na jiƙa yana saki a ƙarƙashinsu. Ya duba gabas ya duba yamma, babu kwalekwale ko ɗaya a garin, kuma ya san hannun da ya jawo hakan. Ya rungume autarsa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ana cikin haka sai ga jiragen garin tsohon nan sun ɓullo a jere, suna ƙyallin man bana. Suka kwashe su, suka yi ta sawu tsakanin garuruwan har faɗuwar rana. Ba kowa aka iske da rai ba.

A cikin jirgin da ke kai su tudu ne ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Ruwan ya haye miƙaƙƙen layinsa kamar babu shi, ya je ya tsaya cak a gindin giginyu. Washegari ya ɗauki sanda ya bi jerin, ƙafar dama a busasshiyar ƙasa, ta hagu cikin ruwa. Inda jerin ya lanƙwasa nan ruwan ya lanƙwasa, inda kuma ya fara janyewa shacin laka ya ba da shaida. Arba'in da ɗaya, ko ɗaya bai kuskure ba. Ashe wasu mutane da ba su da sarƙa ba su da taswira sun taɓa ganin wannan ruwan sau ɗaya, suka bi bakinsa suna binne ƙwallon giginyar da ba za su sha 'ya'yanta ba, suka yanka lardi, suka kafa doka, saboda jikokin da ba za su gani ba. Ya koma wurin tsohon, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gabansa. Tsohon ya ce, "Tashi, ɗana. Ruwa ne ya ja iyakar nan, magabata sawunsa kawai suka bi." Da hannunsa mai awon ya rubuta wa gwamnati a mai da garuruwan Kwari, kuma kwalekwalen farko da aka sassaƙa bayan haka a tsakar gidansa aka kife shi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.